Tsutsar da Ta Je Ofis

Ƙawata, aje tsintsiyar nan ki ji wani abu.

Wani mutum ne tsutsa ta faɗa wa masararsa, ga shi ita ce abincin gidansa na shekara. Hanyar ƙauyensu kuwa, Allah ya sawwaƙe, in damina ta sauka ko jaki sai an lallashe shi. Sau uku malamin gona yana tasowa a babur, sau uku ana ciro shi daga taɓo. Sai ya aiko cewa duk mai matsala ya kawo kara ɗaya ofis a duba.

Mutumin ya tumɓuko kara duk huji. Matarsa ta riƙe haɓa.

"Maigida, wannan za ka kai wa babban mutum? Ka ja mana abin kunya?"

Ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya."

Ya zagaye gonar kaf, ya samo kara ɗaya tal mai lafiya, har ya goge ganyen da bakin riga. Kwana biyu yana tafiya, taɓo ya cinye masa takalmi ɗaya.

Malamin gona ya juya karan, ya ce, "Baba, ai masararka ta fi ni lafiya. Koma gida ka gode wa Allah."

Mutumin ya koma yana murna. Ya tarar tsutsa ta gama da rabin gona, ba ta ji labari ba.

Ya ce to, wannan karon mai laifin zai kai. Ya zaɓi ƙosasshiyar tsutsa, ya saka a gwangwani da ganye, ya huda murfi. Rafi ya cika, ya yi kwanaki a bakinsa. Ya haye, motar da ya samu ta kafe, shi ya yi ta turawa. Sati biyu cur kafin ya ga ƙofar ofis.

"Malam, yau ga ta nan da ranta!"

Aka buɗe gwangwani. Sai ga wata aba mai fukafukai ta yi fir, ta nufi taga.

Malamin gona ya ce, "Haba Baba, ai ta riƙa a hanya! Yanzu me zan duba?"

Mutumin ya daka tsalle ya rufe taga.

"Bar dubawa, Malam, ɗaura mata maganin ta yi gaba. Duk ofishin nan ita kaɗai ta san yadda ake isa gonata!"