Injin da Ya Ƙi Juyawa

Ƙofar ɗakinmu a Jambutu ta fara gogar ƙasa, na rantse ba zan kira kafinta ba. Na shiga kasuwar Jimeta na zaɓi ɗan injin yankan katako mafi araha. Mai shagon, Oga Chidi, ya soma bayani, na ce, “Bari, na san kan inji.”

A gida na jona shi. Bakinsa bai juya ba, sai karkarwa. Na koma a fusace, na tara jama'a ina ihun an sayar mini da jabu.

Chidi ya kunna shi, ya raba wani katako gida biyu, ya ce, “Alhaji, ai da karkarwar yake yanka.”

Har yau in na bi layin, sai wani ya ɗaga murya: “Injiniya! Ya fara juyawa?”