Ranar da Na Kashe Tsohuwa da Fassara

Laifina ne, ba na kowa ba. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina da shagon hayar kaset a Ƙofar Kwaya, kuma ni ke fassara wa 'yan unguwa fim, alhali firamare kawai na gama.

Wata rana aka kawo kaset ɗin katun, wato fim ɗin zane na yara. An rubuta a kwalin cewa daga littafin yaran Ingila aka ɗauko labarin. Na kunna wa jama'a, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Maimakon in yi shiru, sai na gyara hula na ce, "Wannan Turancin fadar Sarauniya ne, sai mai zurfin ilimi." Na yi ta zuba, har na kashe kakar yarinyar fim ɗin, mutane suna ta salati.

Malam Sule, tsohon hedimasta, ya yi gyaran murya. "Tafinta, wannan yaren Japan ne. Kuma na karanta littafin, barci tsohuwar take yi."

Daga ranar na zama Baturen Japan, har yau sunan bai sake ni ba. Washegari na je zauren Malam Sule na durƙusa.

"Malam, ka yafe mini. Ita ma tsohuwar ta yafe, na kashe ta kwananta bai ƙare ba."