Nomau da Baƙon da Bai Sani Ba

A ƙauyen Gidan Ɗinya, zamanin da ake fafatawa da Nasara kan ya tattara ya bar ƙasa, an yi wani mutum wai shi Nomau. Ga gemu ga ƙarfi, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Ƙarya kuwa bai iya ta ba, har sojojin bariki sun shaida. Yana zaune gidan yayarsa Yalwa mai fura. Mijinta Arzika ya hau dutse tare da 'yan gwagwarmaya, ya bar ta da cikin fari, sojoji na nemansa ruwa a jallo. Yalwa ce idon mutanen dutse a cikin gari, ita ke aika musu abinci da labari. Da aiki ya yi mata yawa sai ta ce bari ta gwada ƙaninta. Ni dai da ta tambaye ni da na hana ta.

Wata rana ta ba shi jan zane ta ce, "In ka ga soja, ka shanya wannan a dangar bayan gida. Daga dutse za su hango, su san kada su sauko." Nomau ya leƙa waje, sai ga Baba Kofur, tsohon sojan da ya ajiye kaki tun Yalwa na goye, yana gyangyaɗi a gindin tsamiya. Jan zane ya hau danga. Kullum tsoho ya fito shan iska, zane ya sake hawa, har mutanen dutse suka koma cin ɗanyen wake. Ranar da Yalwa ta zagaya ta gani, ta ce, "Wane sojan ka gani?"

"Baba Kofur. Ai ba ki ce sai mai haƙora ba."

Wata rana wani mai koli ya sauka a garin, yana tallan allura yana yawan tambaya. Yalwa ta ce, "Mutumin nan ban yarda da shi ba, duk inda ya yi ka bi shi." Nomau ya manne masa. Kasuwa tare, masallaci tare, har da mutumin ya zaga bayan gari ya tsuguna, ya ɗaga kai ya ga Nomau tsaye yana jiransa.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Yaya Yalwa ce ta ce ba ta yarda da kai ba."

Daga ranar mai koli ya san gidan da zai sa wa ido.

Wata rana Yalwa, da tsoro ya kama ta, ta zaunar da shi ta ce, "Daga yau ba ka san Arzika ba. Ko ina ka gan shi, ba ka san shi ba." Ta ɗora masa ƙwaryar fura ya kai gona. Arzika ya fito daga cikin dawa, yunwa ta ci shi, ya miƙa hannu yana murna.

"Ban san ka ba," in ji Nomau.

"Ni ne fa, mijin yayarka."

"Shi ma ban san shi ba."

Ya juyo da furarsa a kai, ya bar Arzika zaune a kan kunyar gona, ya rasa dariya zai yi ko kuka.

Wata rana Yalwa ta sauka, namiji. Ranar suna ita da kanta ta shanya jan zane, amma zuciyar Arzika ta ƙi haƙura. Ya naɗa rawani, ya ja amawali har hanci, ya zauna cikin mutane a ƙofar gida, ko sunan ɗansa ya ji da kunnensa. An ba Nomau rabon goro, an kuma ja masa kunne cewa babban mutum da hannu biyu ake ba shi. Ungozoma ta fito da jariri za a yi masa aski, sai ta tuna ta manta ruwan ɗumi. Ta miƙa wa Nomau ta ce, "Riƙe shi, kada ka ajiye shi a ƙasa."

Shigarta ke da wuya sai ga Saje da sojojinsa, mai koli na biye. Babu wanda ya san fuskar Arzika a cikinsu, amma sun san uba ba ya ƙin sunan ɗansa. Yalwa na leƙe ta ramin zana. Nomau kuwa babban mutum ya gani, ga goro na son hannu biyu, ga yaro an hana ajiyewa a ƙasa. Sai ya dangwara jaririn a cinyar mai amawali, ya durƙusa ya miƙa wa Saje goronsa.

Saje ya nuna mai amawali da sanda. "Wane ne wannan?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

Saje ɗan ƙasa ne. Ya san wawan nan ba ya ƙarya, ya kuma san babu uban da zai rungumi ɗan farinsa a bainar jama'a, kunya ba za ta bar shi ba. Ya wuce yana neman wanda ke kawar da kai daga jaririn. Nan take duk mazan garin suka kawar da kai, har Baba Kofur. Saje ya duba wannan, ya duba wancan, ya yi tsaki, ya jefa goro a baki suka tafi.

Arzika ya daɗe bai motsa ba. Da a zaman lafiya ne, da kunya ta hana shi ko kallon yaron nan. Yau ga shi a hannunsa, yaron ya damƙe masa yatsa, hawaye na jiƙa amawali. Kafin rana ta take ya koma dutse lafiya.

Da mutane suka watse Nomau ya shiga wajen yayarsa, kai a sunkuye. "Yaya, na yi laifi, na ba baƙo yaronki."

Yalwa ta kama dariya tana share ido, ta tura masa cinyar rago guda.

"Amma ya iya riƙo," in ji Nomau yana ci. "Har kuka ya yi. Ranar da kika yarda in sake sanin Arzika, zan ba shi labari."