Allurar 'Yan Rakiya

Ko na so in manta da ranar nan, matan Kona ba za su bar ni ba.

Tun da na haifi ɗan farina nake ɗauke da wani tsoro. Na sha ganin farin ƙwai yana daskarewa a kasko, kuma ba ya komawa ruwa. To duk sanda jikin yaron ya yi zafi, sai in ce shi ke nan, haka cikinsa ke dahuwa. (Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, ku riƙe dariyarku tukuna.)

Da Hadiza ƙanwar mijina ta zo hutu daga jami'a, na faɗa mata. Ta tsuguna ta yi zane a ƙasa da tsinke. Ta ce jiki ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da bangonsa, kuma ƙofofin bangon da furotin ake yin su, dangin abin da ke cikin farin ƙwai. Kowace ƙofa doguwar igiya take fitowa, mai danƙo. In ba a naɗe ta daidai ba, sai ta cukurkuɗe.

"Amma akwai masu riƙe ta, matar Yaya. Kamar 'yan rakiyar amarya. Su lulluɓe ta, su kai ta bango, su tsaya har abokin haɗinta ya iso, sannan su koma ɗauko wata. In zafi ya taso kuma..."

Nan tuwona ya fara ƙauri, na tashi da gudu. Ban ji ƙarshen ba.

Ranar awon yara yaron ya tashi da zazzaɓi. Rumfar likita cike da mata, uwar mijina na gefena. Madam mai awo ta ce, "Mi ke damun shi?"

Na gyara zama, na ɗauko muryar masu ilimi. "Allurar 'yan rakiya nika so a yi mishi, Madam. Masu kai ƙofa bango. Ina tsoron nashi sun yi kaɗan."

Can wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, aure za ki yi mishi tun bai yi haƙori ba?"

Har mai shara sai da ta jingina tsintsiya don dariya. Uwar mijina ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, na duƙa ina zana bango da yatsa.

Madam ta dubi zanen, ta yi murmushi. "Wanda ya koya miki ya iya. Amma waɗannan ba su da allura. Tun yana cikinki yake yin abinsa, in zafi ya zo ma ƙara su yake. Zazzaɓin dai shi za mu duba." Aka gwada jini, na sauro ne, aka ba mu magani, ya warke.

Yanzu in yana barci nakan zuba masa ido, in tuna akwai masu aiki a cikinsa da ba su taɓa jiran in roƙe su ba. Ikon Allah. Na kuma koyi sauke tukunya kafin in tambayi mai ilimi.

Roƙona ɗaya: in kun zo Kona, Rabi sunana. Don Allah kada ku tambayi gidan Uwar 'Yan Rakiya.