Rasuwar Chola, Butar Garejin Cravero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da baƙin mai, Herminia Cravero, shugabar ƙungiyar tseren mota ta garin Colonia Brígida, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da abokan hamayya ma in suna da kunya, rasuwar butarta Chola. Marigayiya ta cika ne a kan murhun gareji da safiyar Litinin, tana kan aikinta, bayan shekara talatin da 'yan kai tana dafa wa mutane ruwan mate, shayin ganyen nan da mutanen Argentina ke zuƙa a ƙoƙo.

Chola buta ce ta ƙarfe, mai faɗin gindi, mai lotsa a kumatun hagu. Yayan Herminia, marigayi Anselmo, shi ya sayo ta shekarar da ya kafa ƙungiyar, kuma shi ya yi mata lotsar da sifana ranar da aka kore su daga tsere. Ba ta riƙe shi a zuci ba. Ta zaga filayen tseren Argentina a bayan babbar mota, tsakanin tayoyi da jarkoki, ta sha ƙura ta sha sanyi, ba a taɓa jin ta koka ba.

Halinta na gari shi ne ba ta tafasa ba tare da sallama ba. Kowa ya san tafasasshen ruwa ƙona ganye yake yi. To Chola sai ta fara gunaguni ƙasa-ƙasa, hmmm, kamar tsohuwa a bencin bayan coci, sannan murfinta ya ce kwas, kwas. Wanda ya sauke ta a lokacin ya sha daɗi. Wanda ya yi kunnen uwar shegu kuwa, kuka da kansa.

'Yan jarida sun sha tambayar Herminia yadda aka yi ƙungiyar ƙauye, mai mota ɗaya tal da rufin da ke yoyo, kowace kakar tsere sai an gan ta a sahun gaba, alhali manyan ƙungiyoyin Buenos Aires suna hawa suna sauka kamar farashin nama. Takan ce musu sa'a ce. Ƙarya take yi, kuma yau da gawa a gabanta ba za ta sake ba.

Ga gaskiyar. Duk Litinin bayan tsere, an ci ko an sha kashi, ba mai taɓa sifana sai an zauna da'ira. Herminia ta cika ƙoƙo da ganye, ta zuba ruwa daga bakin Chola, ta shanye na farko mai ɗacin nan da kanta, sannan ta fara miƙawa. Wanda ƙoƙo ke hannunsa shi ke da baki. Ya faɗi abin da ya gani ya lalace, nasa da na wani, sauran kuma su haɗiye yawu su jira layinsu. A nan direba yake jin cewa ya taka birki kamar mai kashe kyankyaso, kuma dole ya yi shiru. A nan mai kula da tayoyi yake amsa cewa ya yi ƙwauron iska. Kafin ruwa ya ƙare an wanke kowa tas, ba a shiga tsere na gaba da tsohon ciwo, ba kuma wanda ke kwashe kayansa ya koma wata ƙungiya da fushi. Manya suna sauya mutane kamar safa, kowace shekara su koma koyo daga farko. A garejin Cravero kuwa, kunnen da ya saurari injin shekara ashirin da suka wuce shi ke saurarensa har yau.

Mai kunnen nan shi ne Evaristo, bakaniken injin, mutum mai ƙarancin magana da yawan gira. Kuma ciwon ajalin marigayiya daga wajensa ya faro.

Ran Lahadi Fausto, direban ƙungiya kuma ɗan marigayi Anselmo, yana kan gaba, ana gab da gamawa, injin ya yi tari ya mutu. Washegari aka zauna, ƙoƙo ya isa hannun Evaristo, ya zuƙa, ya buɗe baki ke nan sai Fausto ya yi abin da ba a taɓa yi ba tun zamanin ubansa.

"Me za ka gaya mana, tsoho? Injin ka ba ni ko keken ɗinki?"

"Kai, Fausto!" in ji Herminia. "Ƙoƙo a hannunka yake?"

"Haba Gwaggo, kofin gasa fa na gani da idona!"

Evaristo ya ƙara zuƙa. Ya shanye, ya miƙa wa Herminia ƙoƙo, ya ce, "Na gode." A da'irar mate ba a godiya sai an ƙoshi, wanda ya gode an tsallake shi ke nan. Evaristo kuwa tunda yake bai taɓa godewa kafin buta ta ƙare ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Herminia ta gane inda aka dosa, don gari duka ya san wata babbar ƙungiya ta dame shi da waya tun bara. In ya tafi, ƙungiya ta zama tarihi.

Ta ɗora Chola a wuta, wai na minti ɗaya, ta bi shi titi da silifas. Jama'a suka bi ta. Marigayiya ta yi gunaguni, ba kowa. Murfi ya yi kwas, kwas, ba kowa. Maƙwabciya mai gidan burodi ta shaida cewa ta ji wani dogon wiiii mai ban tausayi, daga nan shiru. Da aka dawo, ba Evaristo, ba ruwa, gindin Chola kuma ana hango rufin gareji ta cikinsa. Herminia ta zauna a kan taya ta yi kuka, ba ta kuma jin kunyar faɗa.

Chola ta rasu ta bar ƙoƙo ɗaya, wanda ya bushe don alhini, da bututun zuƙa na ƙarfe, da murhun da ake zargi da hannu a lamarin amma ba a kama shi ba. Ta bar Rufino mai taya, wanda tun ranar yake shan kofi yana tofarwa. Ta kuma bar Fausto, wanda ya zo da sabuwar butar lantarki mai fitila shuɗiya, wai ta'aziyya. An raka shi ƙofa da tsintsiya.

Da zuciyarta ta ɗan sauka, Herminia ta naɗe gawar a tawul ta ɗora wa Fausto a hannu. Ta ce ya kai wa Evaristo, tunda shi ya yi mata faci har sau biyu, kuma kada ya dawo mata da labarin banza.

Fausto ya tarar da shi yana ban ruwan tumatir.

"Baba Evaristo, gawa na kawo."

Evaristo ya buɗe tawul, ya ɗaga Chola sama, ya leƙa Fausto ta cikin hudar. "Wa ya kashe ta?"

"Bakina."

"Ashe ka fara hankali. Da ka bari na gama, ɗan banza, da ka ji laifin nawa ne. Zafin salansa ne ya cinye bututun mai, ni kuma ban sa masa kariya ba. Abin da zan faɗa ke nan." Ya ƙwanƙwasa gefen butar da ɗan yatsa, ya saurara. "Ba ta gyaruwa. Amma wannan ƙarfen ya san wuta."

Don haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Litinin mai zuwa da safe, a garejin Cravero, Evaristo zai yanka marigayiya, ya buɗe ta, ya daddale ta, a binne ta a cikin motar tsere, tsakanin salansa da bututun mai, inda za ta ci gaba da shan zafi saboda wasu kamar yadda ta saba. Fausto ne zai riƙe fitila, kuma an hana shi magana har a gama. Ba a buƙatar furanni. Mai niyya ya zo da ganye ko burodi mai zaƙi. Mai butar lantarki ya bar ta a gida.

Masu tare Herminia a kasuwa suna tambayar ko Evaristo zai tafi, su huta. Jiya ta je gidansa da butar aro, ba ta tambaye shi komai ba, ta zuba ta miƙa masa. Ya sha, ya ce ruwan ɗanɗanon tukunyar miya yake yi. Ya miƙo mata ƙoƙon, bai gode ba. Ta sake zubawa, ya sake sha, ya sake yin shiru. Tunda uwarta ta haife ta, rashin godiya bai taɓa yi mata daɗi haka ba.

Za a ci gaba da zaman makoki kowace Litinin, har ƙarshen wannan kaka da wadda ke biye mata. Abokan hamayya su shirya.