Kwaɗon Tabawa da Zaman Jira

A wani daji da ba shi da nisa da bakin titi, an yi wata bushiya mai suna Tabawa, wadda Allah ya hore wa kan na'ura. Masu auna ƙasa ne suka taɓa yada zango a dajin, da za su tashi suka bar wata tsohuwar kwamfuta da farantin sola a gindin kuka. Kowa ya shinshina ya wuce. Ita kuwa ta zauna tana 'yan taɓe-taɓenta har ta gane kan abin.

Abin da ta fara haɗawa wani ɗan mitsitsin wasa ne. Kwaɗo ne a kan allo, kore shar, ko idon kirki ba ta yi masa ba, yana son ƙetare rafi ta kan duwatsu. Maɓalli ɗaya ne tak, ƙato, ta sassaƙa shi da icen gawo yadda kofato zai iya dannawa, baki zai iya, dagi ma zai iya. Kana dannawa kwaɗo zai daka tsalle nan take. In ka yi garaje ko ka yi nawa, ya faɗa ruwa tsulum, kafin ka gama jin haushi ya koma bakin gaɓa yana jiranka. Iyakar wasan ke nan. Ba wanda ya taɓa ganinsa sai ita, tana kuwa son kwaɗon nan kamar ita ta haife shi.

To, a lokacin samarin daji sun tsiri wata ɗabi'a ta zuwa gefen gari suna leƙen shagunan gem, wato wasan kwamfuta, ta taga, wasu su dawo lafiya, wasu tarko ya kama su a hanya. Majalisar daji ta zauna ta ce sai an yi wa dajin nasa gem ɗin. Aka kira Tabawa aka ɗora mata aikin, da sharaɗi: in jama'a sun karɓa, rumfar gindin kuka ta zama ta wasa har abada. In ba su karɓa ba, za a ɗauke kwamfutar a kai ofishin majalisa a riƙa rubuta bayanin taro da ita, a share duk abin da ke ciki.

Majalisar nan tana da al'adu biyu da ba ta wasa da su. Ba a amincewa da abu sai kowane ɗan majalisa ya ƙara nasa a ciki. Sannan ɗan majalisa ba ya taɓa abin wasa, kallo yake yi daga nesa ya ba da shawara. Saboda haka da Tabawa ta nuna musu kwaɗonta, ba wanda ya miƙa hannu ga maɓallin. Suka dai zura wa allon ido kamar an kawo musu gawar da ba su san mai ita ba.

Tanimu ɗawisu ne ya fara miƙewa, ya baza jela tukuna, don ba ya iya magana sai ya baza.

"Ranka ya daɗe shugaba, 'yan'uwa masu girma. Ni ba na ƙin ƙoƙarin yarinyar nan. Amma in baƙo ya zo ya ga wannan, me zai ce da mu? Daɗin wasa a ido yake. Ina so a ga faɗuwar rana a kan ruwa, a ga kowane ganye da jijiyarsa, a ga raɓa tana ɗiga. Jarumin kuma ya zama mai kwarjini, mai launi iri-iri. Ban ce lalle sai mai jela ba, na bar wa majalisa ta duba."

Lantana aku ta ce ita a wurinta wasa ba labari shirme ne, don haka kafin a fara sai mai wasa ya saurari tarihin dajin tun daga kakan kakanni, da muryarta, kuma kada a sa hanyar tsallakewa. Giwa ta ce a faɗaɗa filin ya yi girman da ba a ganin ƙarshensa. Kowa ya jefa nasa. Daga ƙarshe shugaban majalisa, Baba Gambo kunkuru, ya fito da wuya a hankali ya ce faɗuwa kuma a cire ta gaba ɗaya, domin in ɗan wani ya faɗi a bainar jama'a, ƙofar gidansa uwar za ta zo.

Tabawa ta koma rumfa ranta a ɓace, ta yi aikin yadda aka ce. Damina ta wuce tana zana jijiyar ganye. Gem ɗin ya yi kyau, wannan ba ƙarya, ya kuma yi nauyin da in an kunna shi tsohuwar kwamfutar sai ta yi ta nishi tana lodi, mai jira ya ci abinci ya sha ruwa bai buɗe ba. Da ta kai wa majalisa wannan matsala, Tanimu ya ce ai sauƙi ne, a goge kwaɗon nan a samu wuri.

Nan fa ƙayoyin jikinta suka miƙe. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ku yi mini rai. Bai fi ƙwayar gero ba a cikin na'urar. Ku bar mini shi ko a lungu ne."

Baba Gambo ya ce to a ajiye shi a wurin zaman jira, lokacin da ake lodi, inda ba wanda zai kula da shi. Majalisa ta amince, har da masu yi mata murmushin tausayi.

Ranar buɗewa ta faɗo ranar kasuwa, da hantsi. 'Yan majalisa suka hau dandamali can gefe inda ba su hango allon sosai, jama'a suka cika gindin kuka. Wanda aka zaɓa ya fara shi ne Mantau ɓauna, wani murtukeke da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba tun da tarko ya gurgunta ɗansa a hanyar gari. Ya riga ya faɗa a kasuwa cewa in shirme ne, da bakinsa zai ce shirme ne. Tabawa ta kunna.

Na'ura ta fara nishi. Kwaɗo ya bayyana a bakin gaɓa. Mantau ya gaji da tsayuwa, ya ɗora kofato a kan maɓallin don ya huta, sai kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa ruwa tsulum. Wani a baya ya kece da dariya. Mantau ya waiwaya ya harare shi, ya juyo ya tarar kwaɗon ya dawo yana jiransa. Ya sake dannawa, wannan karon da niyya. Kwaɗo ya hau dutse, ya hau na gaba, ya zame. Mantau ya yi huci ya ce laifinsa ne, ya yi sauri. Kafin a jima masu tallar goruba sun ajiye faifai, wannan na cewa yanzu, wancan na cewa dakata, gurgun ɗan Mantau ya kutso har gaba yana nuna masa dutsen da ke da santsi. Saura tsalle ɗaya ya ƙetare, wurin ya yi tsit, sai allon ya washe da faɗuwar rana, muryar Lantana ta ce, "Tun kafin a halicci kuka…"

Wani irin nishi ya tashi daga taron, wanda 'yan dandamali suka ɗauka na mamaki ne. Mantau ya daure ya saurari tarihi har ƙarshe. Ya tuƙa jarumi mai jela cikin filin da ba shi da iyaka. Ya nufi rami da gangan, jarumin ya ƙi faɗawa. Ya ɗauke kofatonsa gaba ɗaya, jarumin ya ci gaba da tafiya abinsa, aka buga tambari aka ce ya yi nasara. Ya sunkuyo wurin Tabawa, wadda ta riga ta fara naɗewa don tsoro.

"'Yar nan, ina kwaɗon?"

Ta ce ba ya fitowa sai ana lodi. Mantau ya dubi wayar wutar da ta taho daga farantin sola, ya sa ƙaho ya zare ta, ya ce ta mayar. Na'ura ta koma nishi, kwaɗo ya dawo bakin gaɓa. Da ya ƙetare rafin daga baya, dariyar da ya yi sai da tsuntsaye suka tashi daga kan kukar, Tabawa kuwa ta juya baya tana share ido. Har rana ta karkata layi bai ragu ba, kuma duk sanda Lantana ta buɗe baki, wani zai taimaka ya zare wayar.

Washegari Baba Gambo ya aika a kira ta. Ta je ta same shi. Ya ce majalisa ta lura jama'a ba su gajiya da sake kunna gem ɗin tun daga farko, wanda ya nuna shawarwarin da aka bayar sun yi amfani, saboda haka rumfa ta tabbata ta wasa. Ta yi godiya ta juya za ta tafi, sai ya yi gyaran murya, ya duba hagu da dama.

"Dutsen nan mai santsi," ya ce ƙasa-ƙasa, "da an sauka ake tashi, ko ana ɗan jira?"

Samari sun rage zuwa gefen gari. Majalisa kuwa, ganin irin nasarar da ta samu, ta yanke cewa duk shekara kowane ɗan majalisa zai ƙara wa gem ɗin wani sabon abu, Tabawa ce kuma kan fara cewa ta goyi baya. Bana an ce lodin yakan kai azahar, har yau dai ba a samu wanda ya kai ƙara ba.