Ranar da Yatsana Ya Ƙi Ba da Shaida

Jiya na wayi gari da raina, na karya da koko da ƙosai, amma kafin azahar wata na'ura ta ƙaryata ni.

Masu girma, iyayen tsari, inuwar talaka, su ne suka ce ba za a ƙara sakin fansho ba sai kowane tsoho ya je ya tabbatar bai mutu ba. Buhun geronmu kuwa ya kai gindi, ga shi uwargidana Delu ta fara auna tsaba da hannu ɗaya. Na zura babbar riga, na hau kurkura mai ƙafa uku daga Ƙofar Marusa zuwa ofishin fansho.

Da layi ya zo kaina, na dangwala babban yatsa a kan ɗan gilashin na'urar, ya kawo ja. Na goge a riga, ja. Na tofa bisimilla, ja. Ma'aikaciyar, wata mai ladabi wai ita Saudatu, ta duba ta ce zanen yatsan ne ya shafe. Dole ya shafe. Tun da na bar masinjanci tufkar igiya nake yi ina sayar wa Fulani.

"Baba, ni na gan ka," in ji ta, "na'ura ce ba ta gan ka ba."

"To ɗiyata, da wa kike magana?"

Ta yi dariya, ta ce amsa wannan ba huruminta ba ne. Da dai mun san gani ya kori ji. Yanzu an samu abin da ya kori gani.

Na dawo na zauna a dakalin Malam Zakari, maƙwabcina, tsohon malamin lissafi. Ya ce a iliminsu, in kana son tabbatar da magana, sai ka ƙaddara kishiyarta, ka bi ta har ta yi karo da bango. Mu ƙaddara na mutu. To wa ya karɓi goronsa da safe bai ko gutsura mashi ba? Mamaci ba ya rowa, saboda haka ina raye. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ban taɓa jin hujja mai daɗi kamar wannan ba. Sai dai babu inda ake dangwala ta.

Usman mai gyaran waya, wanda ke cinikin kuɗin kirifto, ya sa baki. Wai su a wajensu ba a yarda da bakin mutum ɗaya. In an biya ka, dubban kwamfutoci ne a duniya ke shaidawa lokaci guda, kamar masallaci ya amsa amin. Na daɗe ina kallon jerin tururuwa a gindin dakali ina tunanin kwamfutocin nan, kowace na gyaɗa wa 'yar'uwarta kai. Ni ma ai unguwa guda ta ji tarina da asuba. Ashe kuɗin da ba a taɓa riƙewa a hannu ba sun fi ni samun shaidu.

Ba na zargin kowa, Allah ya ja zamanin manya. Su fa masana hujja ne. Famfon unguwarmu hoto ne ya tabbatar yana zubo da ruwa. An ɗauka ranar buɗewa, da jarka a ɓoye ta baya. Kuma na sha jin ana cewa akwai waɗanda muka yi wa addu'ar bakwai tun tuni, albashinsu bai taɓa makara ba. Halan ƙasa na gyara yatsa.

Shawarar da Saudatu ta ba ni ita ce in ajiye tufka, in riƙa shafa man kaɗe har zanen ya dawo. Ga shi nan Delu ta naɗe yatsan da tsumma, ba ya aiki, ba ya shiga rana, kamar amarya a lalle. In da ranka ka sha kallo. Kallon kam ina sha, ran ne ake gardama a kai.

Na dai bar wasiyya wajen Malam Zakari. In ta Allah ta kasance, a kai ni makwancina, amma a bar wa Delu yatsan. Shi ne ma'aikacin, ni rakiya nake yi mashi.